Ƙasar Tsohon Zongo

Yammacin da abin ya fara, babu wanda zai duba gidan ya ce da wani abu. Rana ta gangara bayan rufin kwanonin sabon Zongo, Meimuna tana bakin murhu tana tuƙa akume, tuwon masarar mutanen Lome, 'yarta Assana kuwa ba ta daɗe da dawowa daga lekol, wato makarantar boko, ba, don an tsare su koyon rawar jam'iyya har yamma liƙis. Ta watsar da takalmanta a ƙofar ɗaki tana mitar ƙafafunta sun kumbura. Maigidan, Sabitu, ya yi arewa sarin albasa, kuma ba ya dawowa sai mota ta cika. Babbar 'yarsu tana aure a Sokode. Su biyu ke nan a gidan, sai kaji.

Ladan bai kai ƙarshen kiran magariba ba, dutse ya faɗo kan kwano.

Meimuna ta ɗauka yaran maƙwabciyarta Asibi ne. Ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce a ja musu kunne, kwanon nan da kyar aka saye shi. Asibi ta amsa daga can cewa nata duk suna masallaci, a nemi wasu. Kafin ta rufe baki wani ya sake faɗowa, sai wani, sai suka dinga zuwa a jere, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Kajin suka shige akurki suka yi tsit. Daga nan ɗaya ya sauka a tsakar gida, dab da tukunya.

Da Meimuna ta ɗauka ta juya shi a hasken wuta, sai ta ga ba dutse ba ne. Ɓallin bango ne, gefe ɗaya da shafen shuɗi, irin shuɗin bula da ake damawa da farar ƙasa. Ta san shuɗin nan. Ita da hannunta ta shafa shi a bangon ɗakinta ana gobe sunan 'yan biyunta, a gidan da yanzu babu shi a doron ƙasa.

Assana ta tambaye ta mene ne. Ta ce ba komai, ta tura shi ƙarƙashin itace.

Har yau Uwar Biyu ake kiranta a unguwa, ko da yake ɗaya ce ta rage. A tsohon Zongo aka haife ta, can tsakiyar Lome, inda in gari ya yi shiru kana jin teku, kuma in ka fita da ƙafa kafin kokonka ya huce ka isa Asigame, babbar kasuwa. Kakanta ne ya haƙa rijiyar gidansu. Shekarar da aka fara raɗe-raɗin za a tashi Zongo, yayan mijinta, Yacouba, ya zo takanas daga unguwar Adidogome ya ce yana da ɗakuna biyu a rufe, ga famfo a ƙofar gida, a kai mata da yara can kafin abin ya zo. Sabitu ya yarda. Meimuna ce ta ƙi. Ta ce tun tana yarinya ake cewa za a tashe su, ga su nan har yau, kuma wa za ta bar wa masu sayen kokonta? Sabitu ya yi magana har ya gaji ya bari.

Sai ga sojoji da katafila wata safiya. Aka loda mutane a manyan motoci da abin da hannu ya iya ɗauka, aka kai su daji arewa da gari aka sauke, aka ce nan ne Zongo yanzu. Babu rijiya, babu inuwa. Ruwan da aka samu shi ake sha. Fuseini, abokin tagwaicin Assana, yana ɗan shekara biyar, gudawa ta kama shi, ya rasu tun ba a ɗora wa ɗakinsu rufi ba.

Ba a maganar nan a fili. In ta kama dole, sai a ce "lokacin da muka taso," kamar su suka ga dama. Kowa ya san ana ji, kuma wanda ya faɗi abin da bai kamata ba, mota ce ke zuwa ɗaukarsa.

Shekaru sun tafi Meimuna ba ta taɓa bi ta wajen ba. In za ta Asigame sai ta kau da kai tun daga cikin taksi. Amma 'yan kwanaki kafin jifan, aka tare hanya don wasu manya za su wuce, aka sauke fasinja aka ce kowa ya taka. Ƙafarta ce ta kai ta, ba ita ba. Ta tarar da dogayen benaye masu gilashi, da masu gadi, da motoci a inda a da ake shanya dawa. Ta yi ta zagaye ba ta gane komai ba, har ta faɗa wani lungu bayan wata katanga, inda ba a yi gini ba tukuna. Ciyawa ce kawai, da kututturen dogonyaro, da wani faifan siminti da aka rufe bakin rijiya da shi.

Daga rijiyar ta gane komai. Nan zaure, nan madafa, nan ɗakinta. Bayan ɗakin, inda ruwan wankan jego yake gangarawa, nan ungozoma ta binne mabiyiyar 'yan biyun, a rami ɗaya, cikin kaskon tukunya, ta ce kada a raba su tunda tare suka zo. Meimuna ta tsaya a wurin da rana tsaka tana lissafa yadda zai zama yanzu. Da muryarsa ta fara buɗewa. Da ya fara jin kunyar a aike shi sayen maggi. Da ta ce to a ranar da Yacouba ya zo, kalma ɗaya kawai, da yanzu yana can yana cinye mata tuwo.

Kowa ya san ba a shiga kufai da rana tsaka, kuma in an shiga ba a fitowa da ko tsinke, don gidan da mutane suka bari ba ya zama babu kowa. Ita ma ta sani, ita ce ma mai hana yara. Amma kabarin Fuseini yana can cikin sababbin kaburburan da aka yi ta haƙawa a gurguje a wancan lokaci, babu wanda zai iya nuna mata wanne ne. Nan kaɗai ta san tabbas akwai wani abu nasa. Ta durƙusa ta tona da yatsu, ta ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, ta ƙulle a bakin zane. Da ta dawo gida ta juye a gwangwanin madara, ta tura ƙarƙashin gado.

Washegarin jifan, da magariba ta yi, duwatsun suka dawo. Wannan karon da wani abu a bayansu. A kusurwar tsakar gida, inda babu komai sai tsohon turmi, aka ji guga yana sauka cikin rijiya, igiya tana gogar baki, ruwa ya amsa daga can ƙasa, sannan aka jawo. Gidan ba shi da rijiya. Duk layin babu mai ita.

Assana tana wanke kwanuka. Sai ta ajiye wanda ke hannunta a hankali, ta tashi, ta je kusurwar ta zauna ta miƙe ƙafafu irin zaman tsofaffi. Da ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ce ta fito, mai kauri, mai jan magana.

"Uwar Biyu. Kin daɗe ba ki leƙo mu ba."

Muryar ta ci gaba kamar maƙwabciya ta shigo hira. Ta ce ita ce mai rijiya, tana wurin tun kafin kakan Meimuna ya zo da jakunan goro ya sa diga. Ta ce da aka kwashe su babu wanda ya juyo ya yi mata sallama, amma ba ta riƙe ba. Ta ce tsohon gidan nan mararraba ne, hanya biyu suka fita daga ƙofarsa, Meimuna ta bi ɗaya, ɗayar kuma ba ta toshe ba don an ƙi bin ta, mutane suna nan suna tafiya a kanta. Ita da take zaune a tsakiya tana hango duka biyun.

"A waccan hanyar kin kai su Adidogome," in ji ta. "Yaron ya girma. Yau ma ya yaga wandon lekol wajen ƙwallo, yana ɓoyewa kada ki gani."

Meimuna ta zauna a ƙasa. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta ƙwala kira, Asibi tana nan bayan katanga. Amma abin da ya fito daga bakinta, can ƙasa-ƙasa, shi ne, "Yana cin abinci sosai?"

Muryar ta yi dariya da bakin Assana, ta ce yana ci har yana sata a tukunya.

Da aka yi kiran lisha yarinyar ta kife a wurin. Meimuna ta ja ta ɗaki, jikinta sanyi ƙalau kamar an tsamo ta daga ruwa. Da safe ta tashi tana cewa kanta na sarawa, ta kurɓi koko kaɗan ta ture.

Haka abin ya zauna musu. Kullum magariba sai jifa, sai guga, sai tsohuwar ta zo da labari. Wai Fuseini ya fi ubansa tsawo. Wai yana da wushirya, 'yan matan layinsu suna tsokanarsa da ita. Wai ya kwance rediyon Yacouba gaba ɗaya don ya ga masu magana a ciki, ya sha duka, amma ya mayar da ita ta yi aiki, yanzu har daga unguwar Djidjole ake kawo masa gyara. Wai in ya yi fushi ba ya magana, sai ya je ya zauna a bakin famfo yana jifan ƙadangaru. Wannan na ƙarshen shi ya gama da Meimuna, don haka yake yi tun yana ƙarami, kuma ita kanta ta manta sai da aka faɗa.

Assana ta daina zuwa lekol. Ƙawayenta suka zo dubiya da farar riga da siket ɗin kaki, suna ta gaisuwar Faransanci, "ça va, ça va," da suka ga idonta ba su sake dawowa ba. Abinci ba ya zama a cikinta. Awarwaron da a da sai da sabulu yake fita, yanzu da kansa yake zamewa ya faɗi. Da rana tana kwance tana kallon rufi, in uwar ta shigo sai ta bi ta da ido.

Asibi ta shigo ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, a kira Malam Nata'ala tun da wuri. Meimuna ta ce zazzaɓin sauro ne, ta ba ta kinin. Asibi ta ce zazzaɓin sauro ne yake jifan kwano? Meimuna ta ce ai ba a kawo malami gida maigida ba ya nan, a bari ya dawo. Asibi ta dube ta ta daɗe, sannan ta gyara mayafi ta fita.

Ita kanta Meimuna ta san abin da take yi. Ta ga ta fara gama girki tun la'asar. Ta ga tana share kusurwar turmi, tana shimfiɗa tabarma don kada yarinyar ta zauna a ƙasa, tana zama tana kallon inuwa tana tsawo. Kowace safiya in ta ga wuyan Assana ya ƙara sirancewa sai ta ce yau ne ƙarshe, gobe da sassafe za ta gidan malam. In yamma ta yi kuma sai ta tuna akwai abu ɗaya da ba ta tambaya ba. Ko yana salla a kan lokaci. Ko tabon ƙunar nan na gwiwarsa ya ɓace. Ko yana kiranta Mma har yanzu, ko ya koma "maman" irin na 'yan lekol.

Ba ramar yarinyar ce ta tashi unguwa ba. Tsohuwar ce ta fara ɗaga murya. In ta gama labarin Fuseini sai ta shiga na ranar katafila, da ƙarfi, har layi na biyu ana ji. Ta faɗi yadda aka ture masallaci da tabarmi a ciki, da tsohon da ya ƙi fita daga ɗakinsa, da sunayen yaran da aka binne a daji a watan farko, ɗaya bayan ɗaya, da sunayen iyayensu. Mata suka dinga jan 'ya'yansu ɗaki suna rufe ƙofa. Wasu suna kuka a ciki. Mijin Asibi ya ce in maganar nan ta kai kunnen jandarma, ba za su tsaya tambayar aljani ne ko mutum ba, layin duka za a kwashe. Shi ne ya je tasha ya ba wani direban arewa saƙo, a gaya wa Sabitu ya bar albasa ya zo.

Sabitu ya iso da ƙurar hanya a jikinsa. Ya shiga ɗaki ya ga 'yarsa, ya ɗaga hannunta ya ga yadda ya koma, ya ajiye a hankali. Ya fito ya tambayi matarsa tun yaushe. Ta faɗa masa. Ko ruwa bai sha ba ya juya ya nufi gidan malam.

Malam Nata'ala tsoho ne, ido ɗaya ya yi fari, kuma shi ma ɗan tsohon Zongo ne, zaurensa da allunansa duk a ƙarƙashin benayen nan suke. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan buzunsa a tsakar gida, ya sa aka kawo garwashi da ruwa a ƙwarya. Bai tambayi ciwon ba. Ya tambaya ne ko akwai abin da ya shigo gidan nan daga waje wanda ba saye aka yi ba, ba kuma kyauta ba. Sabitu ya ce babu. Meimuna ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin, ta ajiye a gabansa. Malam ya buɗe, ya shinshina, ya rufe.

"Daga bayan ɗaki?" ya tambaya.

Ta gyaɗa kai. Bai yi mata faɗa ba. Cewa ya yi shi ma ya taɓa zuwa har bakin lungun, ya tsaya, ya juyo.

Aka fito da Assana aka zaunar, uban yana riƙe da kafaɗunta, Asibi tana gefe. Malam ya zuba turare a wuta ya fara karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Rana tana sauka. Da ladan ya fara, duwatsun suka zo gaba ɗaya kamar ruwan ƙanƙara, har kwano ya lotsa a wuri biyu. Malam bai ɗaga kai ba. Sai jifan ya tsaya cak, aka ji guga ya sauka, yarinyar ta miƙe ƙafafu.

"Nata'ala," in ji tsohuwar. "Kai ne ka tsufa haka? Da ruwana ka wanke allonka na farko."

Malam ya ce ya sani, kuma ya gode, amma ba zumunci ya kawo shi ba. Ya tambaye ta me take nema a jikin 'yar mutane. Ta ce ita ba ta zo da kanta ba, ɗauko ta aka yi a bakin zane, aka shimfiɗa mata tabarma. Ta ce kuma yarinyar ba baƙuwarta ba ce, mabiyiyarta tana cikin ƙasarta, rami ɗaya da ta ɗan'uwanta, rabi ya riga ya zo, saura rabi. Malam ya ce abin da aka binne nata ne, ta riƙe, amma mai numfashi ta Allah ce da iyayenta. Ya ci gaba da karatu, ya tofa a ruwa ya yayyafa. Yarinyar ta gantsare, Sabitu da ƙarfinsa da kyar ya riƙe ta, wani gurnani yana fita daga ƙirjin da bai kai faɗin faranti ba.

Da ta lafa sai tsohuwar ta fara ciniki. A yanka mata baƙin rago a bakin rijiyar. Malam ya ce ba a zubar wa kowa jini sai Wanda ya halicci ragon. To a bar mata yarinyar ranar Alhamis kawai. Malam ya ce ko ƙiftawar ido. Ya ce za a mayar mata da ƙasarta inda aka ɗebo, ba za a rage ko ƙwaya ba, iyakar abin da take bi ke nan. Ya kuma ce ta daina yaudarar baiwar Allah da labarin abin da bai faru ba, don babu wanda ya san shi, mutum ko aljan.

"Ni ban ce ya faru ba," in ji ta. "Tambayata ake yi ina amsawa. Kai ma ka san ba karatunka ne zai fitar da ni ba, Nata'ala. Wadda ta kira ni ita za ta sallame ni. Ta faɗa da bakinta cewa ba ta son ji, in tafi yanzu."

Malam ya juya wajen Meimuna ya ce, "Uwar Biyu, kin ji."

Meimuna ta buɗe baki. Kafin ta yi magana kan Assana ya juyo wajenta, fuskar ta saki, idon ya yi laushi. Muryar da ta fito ba ta tsohuwa ba ce. Ta yaro ce wanda muryarsa ta fara buɗewa, tana karyewa a tsakiya.

"Mma. Ni ne. An ce in na jira zuwa Juma'a za a bar ni in zo ki gan ni. Kada ki kore ni, Mma."

Sabitu ya saki wani sauti kamar an naushe shi a ciki. Asibi ta toshe baki da mayafi. Malam ya ce kada ta amsa masa, ba shi ba ne, ta dubi wuyan 'yarta ta gaya masa ko zai kai Juma'a.

Meimuna ta duba. Ta ga jijiya tana bugawa a ƙarƙashin fata, ta ga ƙasusuwan kafaɗa a tafin hannun uban. Ta kuma ga wushiryar da ba ta taɓa gani ba, da dogon yaro a bakin famfo. Juma'a ba ta da nisa. Garwashin ya yi ta cin turare har ya cinye. A masallaci aka tayar da salla, aka yi raka'a, aka yi ta biyu, ana jin kabbara tana zuwa ta kan katanga, ita kuwa ba ta ce komai ba. Sabitu ya kira ta. Ya sake kiranta, wannan karon da sunanta na yanka, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba.

Sai da aka yi sallama a masallaci sannan ta yi magana, kanta a ƙasa.

"Ba na son ji. Ki tafi."

Malam ya ce ta ƙara, da ƙarfi. Ta ƙara. Yarinyar ta yi atishawa, ta sake yi, jikinta ya saki a hannun uban. A kusurwar turmi aka ji an jawo igiya har ƙarshe, sannan babu komai.

Da gari ya waye Sabitu ya ɗauki gwangwanin ya shiga gari. Mai gadi ya hana shi shiga lungun, ya ce an sayar da filin, sai ya zagaya ta baya ya juye ƙasar ta kan katanga, ya jefa gwangwanin ya bi ta. Da ya dawo bai ba da labari ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya daina tafiya arewa, ya kama sayar da albasar wasu a bakin tasha. Yana cin abincinta, yana amsa gaisuwarta, iyakarta ke nan.

Assana ta fara shan kunu, daga baya tuwo. Sannu a hankali wuyan ya cike. Mutanen layi suka dawo gaishe su, kowa yana cewa zazzaɓin nan ya yi tsanani bana, Allah ya ƙara sauƙi. Duk wanda ya tambayi yarinyar ko ta tuna wani abu, sai ta ce a'a, barci kawai take yi. Meimuna ta riƙe wannan a'a ɗin da hannu biyu.

Ana gobe Assana za ta koma lekol, da hantsi, uwar ta zaunar da ita tsakanin gwiwoyinta za ta yi mata kitso. Gashin ya zube sosai, sai da dabara ake kama shi. Ta tsaga, ta shafa man kaɗanya, ta fara. Sun yi nisa, sai Assana ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Mma, ba barci nake yi ba."

Hannun Meimuna ya tsaya.

Yarinyar ta ce tana jin komai, tun ranar farko. Kamar tana can ƙasan rijiya ne, tana hango bakin, tana jin muryoyi daga sama. Ta ji duk tambayoyin. Ta yi ta jira a tambayi tsohuwar ina Assana take, ko tana jin sanyi a inda aka ajiye ta. Ta ce ranar malam ma tana ji. Ta ji lokacin da aka tayar da salla, ta ji lokacin da aka idar.

Ba da fushi take maganar ba. A hankali take yi, tana wasa da bakin zanenta.

"Ba komai, Mma. Abu ɗaya kawai nake so in sani. A waccan hanyar, da kika kai mu Adidogome, ni ina nan? Ban ji kin tambaya ba."

Assana ta ɗan jira, sannan ta sunkuyar da kai ta gyara zama, don a ƙarasa mata kitson.